Yadda Malamin Jami'a Zai Nemi Tallafin Bincike a Fannin Ƙirƙirarriyar Basira da Kimiyyar Bayanai

Takardar neman tallafi ta farko da na taɓa rubutawa, cikin kwana tara na haɗa ta. Wani abokin aiki ne ya turo sanarwar a zauren WhatsApp na sashenmu, na duba na ga saura mako biyu a rufe, sai na duƙufa dare da rana ina cika shafuka da manyan kalmomi, wai zan yi amfani da ƙirƙirarriyar basira in kawo sauyi a harkar noman Arewa. Bayan wata huɗu amsa ta dawo, ba a ba ni ba. A ƙasan wasiƙar akwai tambaya guda daga wanda ya duba takardar: wane amfanin gona, wace cuta, kuma ina bayanan da za a horar da na'urar da su? Na koma na bi shafi 20 ɗin da na rubuta ɗaya bayan ɗaya, ban sami inda na amsa ko ɗaya daga cikin ukun ba.

Ƙannena malaman jami'a, maza da mata, musamman waɗanda suka gama digiri na biyu ko na uku a fannin kwamfuta, lissafi ko ƙididdiga, saboda ku na yi wannan rubutu. Mai bayar da kuɗin bincike abu uku yake nema a takardarka: matsala da aka ambace ta da sunanta, bayanan da kake da hanyar samu, da mutanen da za su iya aikin. Duka abubuwan nan uku, watanni ake ɗauka ana tanadarsu kafin sanarwa ta fito, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ga yadda ake bi.

Mataki na farko: kama matsala ɗaya, ka kira ta da sunanta

Ka ajiye kwamfuta ka fita. Je ka inda ake fama da wani abu da ido ko kunnen ɗan Adam ke tantancewa amma masu tantancewar ba su isa ba, domin a irin wannan wurin ne na'ura mai koyo take da amfani. Zan ɗauki misali guda in yi ta tafiya da shi har ƙarshe. A shekarar 2016 wata 'yar ƙaramar tsutsa da masana ke kira Tuta absoluta, manoman Kano kuma suke ce mata sharon, ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da maƙwabtansu, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir. Tsutsar tana shiga tsakanin fatar ganye ta yi ta ci daga ciki, sai ka ga wani farin tabo kamar an kankare. Manomin da ya gane ta a makon farko yana iya ceto gonarsa, wanda ya makara kuwa sai dai ya tattara kara. Malaman gona kuma ba su kai yawan da za su zagaya kowace fadama ba.

To yanzu ka sami tambaya: shin hoton ganye da manomi ya ɗauka da wayarsa a Kadawa ko Kura da ke jihar Kano zai isa na'ura ta bambance ɓarnar sharon da sauran cututtukan ganyen tumatir tun da wuri? Dubi bambancin wannan da "kawo sauyi a harkar noma". Wannan tana da wuri, tana da mai amfana, kuma a ƙarshen shekara biyu ana iya cewa an yi nasara ko ba a yi ba.

Ka gwada tambayarka a kan wanda ba ɗan fanninka ba. Ka faɗa wa mahaifiyarka ko direban tsangayarku cikin jimla biyu. Idan suka ce "to, wannan ai zai taimaka", ka kama hanya. Idan sai ka yi minti goma kana bayani, matsalar ba ta nuna ba tukuna.

Mataki na biyu: bayanai, kuma a nan za ka fi daɗewa

Yawancin takardun da ake watsi da su a fanninmu a nan suke faɗuwa. Mutum zai rubuta shafi biyar a kan irin samfurin da zai gina, wato manhajar da ke koyo daga bayanai, sannan ya ba bayanai layi ɗaya: "za a tattaro su daga intanet". Mai dubawa da ya san aikin yana ganin haka zai ajiye takardar.

Ga dalili. Akwai wani sanannen rumbun hotunan ganye mai suna PlantVillage, hoto sama da 54,000. A 2016 masu bincike suka horar da na'ura da shi, ta gane cututtuka daidai fiye da kashi 99 cikin 100. Da aka gwada ta da hotunan da aka ɗauka a wani yanayi dabam, sai ta faɗo zuwa kusan kashi 31. Hotunan farko an tsinko ganyen ne an shimfiɗa shi a kan fili mai launi ɗaya an ɗauka. A gona kuwa akwai rana tsaka, akwai ƙurar hunturu a kan ganye, akwai inuwar hannun mai ɗauka, ga kyamarar waya mai araha. Saboda haka rashin bayanan da aka tara a wurinmu, a yanayinmu, shi ne babban gibi, kuma shi ne babbar damarka. Malamin da ke Landan yana da manyan na'urori, amma ba zai iya zuwa Garun Malam duk ranar Talata da safe ba. Kai za ka iya.

'Yan'uwanmu na Jami'ar Makerere a Yuganda da wannan suka yi suna. Sun haɗa kai da cibiyar binciken amfanin gona ta ƙasarsu suka tara hotunan ganyen rogo daga gonaki, masana suka yi wa kowane hoto laƙabin cutar da ke jikinsa, har aka yi gasar duniya a kan hotunan a Kaggle, dandalin gasar kimiyyar bayanai na intanet, a 2020, hoto sama da 21,000. A gida kuma akwai NaijaSenti, aikin da Shamsuddeen Hassan Muhammad da abokan aikinsa daga Jami'ar Bayero da Masakhane, ƙungiyar masu bincike a kan fasahar harsunan Afirka, suka fitar a 2022: saƙonnin Twitter kusan 30,000 a kowane harshe na Hausa, Ibo da Yarbanci, da ƙasa da haka a Turancin buroka, mutane suka zauna suka tantance kowane saƙo, yabo ne ko suka ko tsaka-tsaki. Tara bayanan nan da tsabtace su shi ne ainihin binciken, kuma shi aka ba kuɗi.

Don haka ka zauna ka amsa wa kanka waɗannan a rubuce. Wa zai ɗauki hotunan, da wace irin waya, a gonaki nawa, a wane lokaci na noman rani? Wa zai ce wannan sharon ce, wannan kuma wata cuta ce? Ba kai ba ne, masanin ƙwari ko masanin cututtukan tsirrai ne. Mutum nawa za su duba kowane hoto? Ni ina ba da shawarar uku, domin idan biyu suka saɓa na uku ya raba gardama, kuma daga baya za a tambaye ka ma'aunin yadda suka yi ittifaƙi, wanda ake lissafawa da awon kappa. Idan bayanan suna hannun wata hukuma ne, asibiti ko ma'aikata, ka nemi izini a rubuce tun yanzu, da sa hannu da hatimi. Alkawarin baka da wani darakta ya yi maka a wurin ɗaurin aure ba ya shiga takarda, kuma ranar da aka canza masa wurin aiki alkawarin ya tafi da shi.

Mataki na uku: yi ɗan ƙaramin gwaji da abin da ke hannunka

Kafin ka nemi ko sisi, ka nuna cewa ka riga ka fara. Ɗauki ɗalibai biyu na aji huɗu, ku je gonaki uku ko huɗu ku ɗauko hoto 500. Ka roƙi wani malami a tsangayar aikin gona ya ba ka yamma biyu ya yi musu laƙabi. Sannan ka ɗauko samfurin da aka riga aka horar da shi da miliyoyin hotuna, irin su ResNet ko MobileNet, ka ƙara masa horo da naka. Wannan ba ya buƙatar babbar na'ura. Google Colab da Kaggle suna ba da GPU, wato na'urar da ke hanzarta lissafin horo, kyauta na wasu sa'o'i, kuma sun isa irin wannan gwajin.

Akwai kuskure ɗaya da nake yawan gani, ka kiyaye shi. Idan za ka raba hotunan gida biyu, na horo da na jarrabawa, ka raba su bisa gona. Duk hotunan gonar Malam wane su tafi gefe guda. Idan ka cakuɗa su ka raba da ka, ganye ɗaya da aka ɗauka sau biyar zai faɗa ɓangarorin biyu, na'urar ta haddace shi, ka sami sakamako mai daɗin gani wanda ba gaskiya ba ne.

Ko sakamakon bai yi kyau ba, ka rubuta shi yadda yake. Jimlar da ke cewa "mun gwada da hoto 500, na'urar tana rikita ɓarnar sharon da ƙunar rana, shi ya sa muke buƙatar ƙarin hotuna daga gonaki masu yawa" ta fi shafi goma na alkawari ƙarfi. In ka samu dama ka kai wannan ɗan sakamakon taron IndabaX na Nijeriya, inda masu binciken wannan fanni ke haɗuwa, ko babban taron Deep Learning Indaba da aka fara a Johannesburg a 2017, wanda ke zagaya ƙasashen Afirka. A gaban allon da ka manna aikinka za ka haɗu da waɗanda gobe za su zama abokan aikinka, wani lokaci ma har da masu duba takardarka.

Mataki na huɗu: haɗa tawaga

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A misalinmu kana buƙatar masanin ƙwari, wataƙila daga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, ko Cibiyar Noma a Yankunan Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero, ko tashar cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, da ke Kano. Kana buƙatar malamin gona daga hukuma irin su KNARDA, hukumar raya noma da karkara ta jihar Kano, wanda manoma suka sani kuma suke buɗe masa ƙofa. Kana buƙatar babban malami da ya taɓa riƙe tallafi ya kammala lafiya, domin masu kuɗi suna duba tarihin jagora. Sai ɗalibai na digiri na biyu ko na uku da za su fitar da kundinsu daga cikin aikin. Ka tabbata akwai mata a tawagar da aiki na gaske a hannunsu. Masu bayar da tallafi suna tambayar wannan, kuma ko ba su tambaya ba, akwai gidajen da namiji ba zai shiga ya yi hira da masu shanya tumatir ba.

Abin da ba na so shi ne jera sunaye don ado. Kowane suna ka rubuta a gabansa abin da zai yi da watannin da zai yi shi. Kuma tun ranar farko ku yi magana a fili a kan wanda sunansa zai zo farko a maƙala da yadda za a raba alawus. Magana ce mai nauyi a baki, musamman tsakanin ƙaramin malami da farfesansa, amma na ga zumuncin shekaru ya lalace saboda an ji kunyar yin ta.

Idan sanarwar ta ƙasa da ƙasa ce, ka tuna Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi da Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai. Yanayin noma ɗaya, harshen manoma ɗaya, kuma aikin da ya ratsa ƙasa biyu yana da daraja a idon masu tallafi na waje.

Mataki na biyar: san ƙofofin da ake ƙwanƙwasawa

Ƙofar gida ita ce TETFund, asusun da dokar 2011 ta kafa a madadin tsohon asusun ilimi na 1993, wanda ake tara kuɗinsa daga harajin kamfanoni domin manyan makarantun gwamnati. Yana da hanya biyu da suka shafe ka. Ta farko ita ce IBR, ƙaramin tallafi da ake nema ta hannun jami'arka: kwamitin bincike na jami'a ya tace, jami'in da ke kula da harkar TETFund ya tura Abuja. Kada ka raina ta. Da ita za ka mayar da hoto 500 su zama 5,000, ka fitar da maƙala ɗaya, ka kafa tarihi. Ta biyu ita ce NRF, babban asusun bincike na ƙasa, inda ake gasa da malaman ƙasar baki ɗaya. Ana fara tura taƙaitacciyar takardar manufa, wanda ya tsallake a nemi cikakkiyar takarda, wanda ya sake tsallakewa a kira shi ya kare ta a gaban kwamiti. An kasa ta rukuni uku: kimiyya da fasaha da ƙere-ƙere, sai ilimin zamantakewa da adabi, sai rukunin da ya ratsa fannoni. Ka karanta ƙa'idar shekarar da kyau a kan matakin da jagora zai kai da iyakar kuɗin da ake nema.

Akwai kuma na ma'aikatar sadarwa. A ƙarshen 2023, ƙarƙashin minista Bosun Tijani, an buɗe shirin tallafin binciken ƙirƙirarriyar basira mai suna NAIRS wanda ya ware naira miliyan 5 ga kowane ɗaya daga cikin masu bincike da ƙananan kamfanoni 45. Hukumar bunƙasa fasahar zamani ta ƙasa, NITDA, tana da cibiyar ƙirƙirarriyar basira da mutum-mutumi, NCAIR, a Abuja tun 2020, ka riƙa leƙa sanarwarsu.

A waje, Lacuna Fund da aka kafa a 2020 da haɗin gwiwar Gidauniyar Rockefeller, Google.org da cibiyar IDRC ta Kanada, an yi shi ne musamman don tara bayanai a harsuna, noma, lafiya da yanayi, kuma shi ya ɗauki nauyin NaijaSenti. Shirin AI4D na IDRC da hukumar Sida ta Suwidin ya tallafa wa ɗakunan bincike a jami'o'in Afirka. A fannin lafiya, hukumar NIH ta Amurka ta ƙaddamar da shirin kimiyyar bayanai mai suna DS-I Africa a 2021 da kusan dala miliyan 75 na shekara biyar. Gidauniyar Gates kuma a 2023 ta yi kira a kan amfani da manyan samfuran harshe irin na ChatGPT, takardu sama da 1,300 suka shigo, aka zaɓi kusan 50, kowanne har dala 100,000. Ka lura da wannan lissafin, wajen mutum 4 cikin 100 ke nan. Rashin samu a karon farko shi ne abin da ya fi faruwa ga kowa.

Waɗannan shirye-shiryen suna da wa'adi, wasu su rufe wasu su canza hannu. Ka buɗe littafi guda, kowace ƙofa da shafinta: watan da ta saba buɗewa, wanda ya cancanta, da jerin ayyukan da ta taɓa ba kuɗi. Wannan jerin na ƙarshe ka karanta shi da natsuwa, domin shi ke gaya maka ainihin abin da suke so fiye da sanarwar kanta.

Mataki na shida: rubutun kansa

Ka buga sanarwar a takarda, ka ja layi a ƙarƙashin kowane sharaɗi. In an ce shafi biyar, biyar ne. In an ba da kanun da za a bi, ka bi su a jere da kalmominsu. Yawanci ana bayyana yadda ake raba maki, ka raba ƙarfinka daidai da haka.

Ka tuna halin wanda zai karanta. Malami ne irinka, an tara masa takardu da yawa, da dare yake dubawa bayan ya gaji. Sakin layinka na farko ya gaya masa matsalar, wanda take damu, abin da za ka yi da abin da zai fito. Kada ka buɗe da tarihin ƙirƙirarriyar basira tun daga Alan Turing, ya san shi.

Manufofi uku sun isa, kowacce kuma a iya auna ta. A misalinmu: tara hoto 10,000 masu laƙabi daga gonaki 60 a noman rani biyu, gina samfuri mara nauyi da zai yi aiki a kan wayar Android ba tare da intanet ba, da gwada shi a hannun malaman gona a kwatanta hukuncinsa da na masana. A sashen hanyar aiki ka faɗi abin da za ka kwatanta sakamakonka da shi, da awon da za ka yi amfani da shi. Idan ganye 90 cikin 100 lafiyayyu ne, na'urar da kullum take cewa "lafiya lau" za ta ci kashi 90, alhali ba ta gane cuta ko ɗaya ba. Ka nuna ka san wannan, ka ambaci awon da ke ƙirga masu cutar da aka kama da waɗanda suka kuɓuce.

Ka sa sashe a kan abin da zai iya lalacewa. Idan tsutsar ba ta yi yawa a shekarar ba fa? Idan hanyar wasu gonaki ta zama ba ta biyuwa saboda tsaro? Idan aka shiga yajin aiki, irin na 2022 da ya ɗauki wata takwas? Kowanne ka rubuta mafitarsa a layi ɗaya ko biyu. Mai dubawa ya san ƙasar da muke ciki, kuma ya fi natsuwa da wanda ya hango matsala.

Game da amfani da ChatGPT da ire-irensa wajen rubutu, ka duba ƙa'idar masu tallafin. Gyaran nahawu wani abu ne, amma kada ka yarda ya kawo maka jerin maƙalu, domin yana ƙirƙiro waɗanda babu su, kuma guda ɗaya tak in aka gano ta isa ta zubar da mutuncin takardar duka.

Mataki na bakwai: kasafin kuɗi

Kowane layi na kasafi ya fito daga wani aiki da ka ambata. Ka yi lissafin a fili. Hoto 10,000, kowanne mutum uku za su duba, laƙabi 30,000 ke nan. Idan gwajinka ya nuna mutum yana gama 300 a yini, kana buƙatar yini 100 na aikin mutum ɗaya, sai ka ninka da ladan yini. Haka za ka yi wa kuɗin mota zuwa gona, kuɗin data, wayoyin ɗaukar hoto da ma'ajiyar bayanai. Masu yin laƙabi da masu ɗaukar hoto ka biya su da kyau kuma a kan lokaci. Ingancin aikin gaba ɗaya a hannunsu yake, kuma haƙƙi ne.

Sai maganar na'ura. Sababbin masu nema sukan cinye rabin kasafi a kan babbar kwamfuta mai GPU. Ka yi tunani kafin nan: na'urar tana son wuta mara yankewa da ɗaki mai sanyi. In babu sola da inbata da batura a kasafinka, za ta zauna a kwali. Ga aiki irin namu, hayar na'ura ta intanet na 'yan sa'o'i ta fi sauƙi, sai dai da dala ake biya, saboda haka ka tambayi ofishin ma'ajin jami'a tun wuri yadda ake biyan irin wannan.

Dala kuwa ta koya mana darasi. A tsakiyar 2023 ana canzar da ita a hukumance wajen naira 460, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ya rubuta kasafi da naira don sayen kayan waje ya ga kuɗinsa sun narke kafin su iso. Don haka ka rubuta farashin canjin da ka yi amfani da shi da ranarsa, ka sa kason ko-ta-kwana idan ƙa'ida ta yarda, kuma ka tsara sayen kayan waje a kashin farko na kuɗin. Ka tambayi ofishin bincike kason da jami'a ke cira daga tallafin waje, ka sa shi a lissafi tun farko.

Mataki na takwas: izini

Idan aikinka ya taɓa mutane, muryarsu, fuskarsu, lambar wayarsu ko takardun asibitinsu, sai ka sami amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, kuma yakan ɗauki makonni, ka fara da wuri. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta hau kanka. Takardar neman yardar manomi a rubuta ta da Hausa, a karanta masa, a gaya masa inda hotunan za su je. Yawancin masu tallafin waje suna so a saki bayanan kowa ya amfana, saboda haka ka cire duk abin da zai nuna gonar wane ce kafin ka saki.

Mataki na tara: miƙawa da karewa

Ka gama rubutu mako biyu kafin wa'adi. Ka ba mutum biyu su karanta, ɗaya ɗan fanninka, ɗaya daga wani fanni, ka roƙe su kada su ji nauyinka. Wasiƙar amincewar shugaban jami'a tana bin ofisoshi kafin ta fito, ka shigar da buƙatarta tun ranar da ka yanke shawarar nema. Ka sabunta shafinka na ORCID da Google Scholar, inda ake ganin jerin maƙalunka, domin za a leƙa. Sannan ka ɗora takardar kwana uku kafin a rufe. A daren ƙarshe shafin yakan cushe, kuma na san wanda wuta ta ɗauke masa saura minti 20.

Idan aka kira ka karewa, ka shirya bayanin da bai wuce lokacin da aka ba ka ba, ka gwada shi a gaban abokan aiki da agogo a hannu. Ka tafi da masanin ƙwarin nan idan an yarda, tambayar da ta shafi tsutsa shi ya amsa. Abin da ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba, ka faɗi yadda za ka bincika.

Mataki na goma: bayan amsa ta zo

Idan ba a ba ka ba, ka bar wasiƙar ta kwana biyu kafin ka sake buɗewa. Sannan ka kwafe kowane ƙorafi a gefe guda na takarda, a ɗaya gefen ka rubuta gyaran da za ka yi. Inda ba a aiko da sharhi ba, ka rubuta cikin ladabi ka nema, wasu suna bayarwa. Takardar da aka gyara sau biyu ita ce galibi take wucewa.

Idan kuma aka ba ka, Alhamdu lillahi, sai ka san kashi-kashi kuɗin ke zuwa, kuma kashi na biyu ba ya fitowa sai an ga rahoton na farko da rasitansa. Ka sayi fayil tun ranar farko, ko rasit ɗin man mota na zuwa Kadawa ya shiga ciki da kwanan wata. Kada ka ɗauki kuɗin wani layi ka kai wani ba tare da izini a rubuce ba. Ka ajiye bayanan a wuri uku, ɗaya a wajen harabar jami'a. Ka rubuta sunayen ɗalibai da masu yin laƙabi a inda ya dace a maƙala.

A cikin kasafin kuma ka bar kuɗin tafiya ɗaya ta ƙarshe. Idan an kammala, ka koma gonakin da aka ɗauki hotunan, ka sanar da mai unguwa da malamin gona tun mako guda kafin ranar, a tara manoman bayan la'asar. Ka miƙa wa ɗaya daga cikinsu wayar ya ɗauki ganye da hannunsa, ku ga abin da za ta ce tare. Inda ta yi daidai ka rubuta, inda ta yi kuskure ka tambaye su me suka gani a ganyen da ita ba ta gani ba, ka rubuta amsarsu da kalmominsu, ka sa ta a rahoton ƙarshe.